Talibamban Abhur

Tun daga matakala ƙamshin farfesu ya tari Bara'atu, ta san aikin yayanta ne. Ɗan'azumi masunci ne daga Yawuri, umara ya zo ya sauka gidanta a unguwar Balad ta Jidda. Tun ranar da ya hango teku ya hana kowa sakat, sai da mijinta ya ɗauke shi yau da safe zuwa Abhur, inda mijin ke aikin tuƙi, ya ajiye shi bakin ruwa da ƙugiyarsa.

Tana shiga kicin idonta ya faɗa kan ledar shara. Kan kifi ne, da haƙora huɗu manne kamar bakin aku, ga fatar baya mai ɗigo-ɗigon baƙi a gefensa. Shekara goma sha ɗaya tana gyaran kifi a Bangala, babbar kasuwar kifin Jidda, ba ta taɓa ganin an bar wannan ya hau tebur ba.

"Yaya! Wa ya ci wannan?"

Ya leƙo daga falo yana washe baki. "Talibamban ne fa. Ƙugiya biyu ya guntule mini kafin in fito da shi, ya kumbura kamar salka. Na feɗe shi, na zubar da kayan ciki. Shekara arba'in ina sana'ar nan, ke za ki koya mini?"

"Ba irin na kogi ba ne, Yaya, na teku ne, garrad ake ce masa! A yashin gindin duwatsun murjani yake kiwo. Dafinsa har cikin tsoka, wuta ba ta kashe shi. Na ce wa ya ci?"

Murmushin ya ɓace. "Na zuba wa Ruba. Yanka uku."

Ba ta san yadda aka yi ta kai ƙofar ɗakin ba. Ruba, 'yarta tilo mai shekara tara, tana kwance tana danna waya, kwanon na ƙasa da cokali a ciki. Bara'atu ta finciko ta, ta buɗe mata baki da yatsa tana shinshinawa.

"Kin ci? Akalti?"

"La wallah, Ummi, ban ci ba! Yaji ya yi yawa, marra kasir."

"Ko romon?"

"Wala romon."

Ta durƙusa ta jujjuya kwanon da cokali. Yanka uku ne cif, babu wanda aka gutsura. Yarinyar da kullum take yi wa faɗa kan raina abincin gida, ita ce yau ta rungume tana kuka, Ruba kuwa na ta mutsu-mutsu tana tambayar laifin me ta yi.

Sai tsoro ya koma fushi. Ta fito tana zazzaga masifa, ba yayantaka ba kunya: kowane ruwa da kifinsa, wanda bai sani ba ai tambaya yake yi. Ta yi nisa kafin ta lura ba a tanka mata. Ɗan'azumi, da ba ya barin magana ta faɗi ƙasa, yana zaune yana murza leɓensa da babban yatsa. Ta waiga kicin, ta ga ludayi jiƙe a gefen tukunya.

"Yaya, ka ɗanɗana?"

"Gishiri kawai na duba," ya ce, harshensa ya yi nauyi. "Ludayi biyu. Da ɗan yanka."

Ta san yadda abin ke tafiya, duk 'yan kasuwa sun sani. Leɓe ke fara mutuwa, sai yatsu, sai numfashi. Ba shi da makari, sai dai na'urar asibiti ta yi wa mutum numfashi har dafin ya fita, in an kai shi da wuri. Ta kira motar asibiti, ta ƙulle kan kifin a leda don likita ya gani, ta zauna ta riƙe hannunsa. Yatsun sun yi sanyi.

"Bara'atu," ya ce da ƙyar, hawaye na bin gemunsa, "da hannuna na zuba mata."

"Ba ta ci ba, Yaya. Yi shiru, ka yi ta numfashi."