Shaidar Matar Kafinta

Ranar Juma'a abin ya fara, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Rufin ofishin ƙungiyar 'yan kasuwa Kirista yana ɗiga cikin bokiti. Madam, shugabar shirin tallafa wa mata, ta zaunar da matar kafinta tana sauraron shaidar da za ta bayar washegari a taron yaye ɗalibai.

"Na koyi ɗinki," in ji matar kafinta. "Na gode wa Ubangiji, na gode wa maigidana da ya haɗa min teburin yankan yadi."

Madam ta zare tabarau. "'Yar'uwa, wannan ai gaisuwa ce, ba shaida ba. Baƙinmu daga nesa suka taso don su ji ramin da muka ciro ki. Bai taɓa hana ki fita ba?"

"Sau ɗaya ya ce in bari Auta ta warke daga ƙyanda."

"Ya hana ki ke nan. Hannu fa? Bai taɓa ɗaga miki ba?"

"Ya ɗaga, yana kore min sauro."

Madam ko murmushi ba ta yi ba. "Kekunan ɗinki huɗu ne, ku kuwa kun cika aji. Ki je ki yi tunani."

Washegari ta hau dandamali ta ce mijinta yana kulle ta a ɗaki, yana dukanta. Kunya ce ta sa ta kuka, baƙi suka ɗauka ciwo ne, suka taya ta. Kafinta yana layi na uku da sabuwar riga, Auta a cinyarsa. Tafi ya zo yi mata.

* * *

Kafin mako ya zagayo bidiyon shaidar tata ya shiga kowace waya a unguwa. Dattawan ikilisiya suka kira kafinta, suka dakatar da shi daga cin jibin Ubangiji, tsattsarkan abincin coci. Masu shagunan da ke cikin ƙungiyar suka janye aikinsu. Wani har ya aiko aka kwashe katakonsa da rana tsaka.

Bai ɗaga mata murya ba. Da ya yi, da ta samu sauƙi. Wata safiya yana ɗaure zarto da guduma a buhu ya ce, "Maman yara, ranar kawai nake so ki faɗa min. Wace rana na doke ki? Ko mantawa na yi?"

Ya tafi garin yayansa. Babban ɗansu ya bi shi.

Ta ruga ofis ta durƙusa, ta roƙi a sauke bidiyon. Madam ta dafa kafaɗarta. "Akwai matan da ake duka da gaske, ke ce bakinsu. In kin janye, wa zai sake ba mu ko allura?"

A bayan kujerar Madam hoton matar kafinta ne, ya kai tsawon ƙofa, hawaye shaɓe-shaɓe. Da shi Madam take buɗe darasin shugabanci. Da shi kuma aka ɗaga Madam ta zama shugabar yanki.

Tun daga ranar matar kafinta ta daina roƙo. Ta koma gaisuwa har ƙasa, ta ɗinka wa Madam riga kyauta. Tana taka keken da aka ba ta tana maimaita abin da za ta faɗa a taro na gaba, a gaban baƙin, a gaban fasto, a gaban mijin Madam. So take ta ga fuskar nan mai hoda ta narke.

* * *

Da shekara ta zagayo, zauren taron ya fi na bara cika. Madam ta miƙa mata makirufo tana murmushi.

"Mijina bai taɓa dukana ba!" Muryarta ta daki bango. "Ƙarya na yi. Wannan matar ce ta koya min, kalma bayan kalma, don keken ɗinki!"

Daɗi ya ratsa ta har tafin ƙafa.

Madam ta ɗaga yatsa ɗaya. Makirufo ya mutu, mai piyano ya saki kiɗa a hankali. Madam ta rungume ta, ta danna fuskarta a kafaɗarta, ta juya ga baƙi da nata makirufon.

"Kun ga abin da tsoro yake yi wa mace? Ya gudu ya bar ta, amma har yau kare shi take yi. Mu tashi mu yi mata addu'a."

Matar kafinta ta yi ta fizge-fizge tana ihu. Mata huɗu suka riƙe ta, suka ɗora mata hannu a ka. Wata baƙuwa ta fashe da kuka, ta yi alkawarin kekuna goma.

"Kin fi bara," Madam ta raɗa mata a kunne.

Da yamma ta zauna a bakin gado, Auta ta juya mata baya tana kallon bango. Ta shiga lissafin abin da ta rasa. Miji ɗaya. Ɗa ɗaya. Shagon kafinta. Kujerarsa a coci. Sai kuma gaskiya, wadda ta faɗa da ƙarfi aka yi mata addu'a.