Buhunan Akanmu Sun Koma da Goro

Alhaji Gali mutum ne da duniya ba ta cika damunsa ba. Shekara arba'in da ɗoriya yana sana'ar goro a Sabo, unguwar Hausawa a ƙasar Yarabawa, kuma in ka tambaye shi abin da ya rasa a rayuwa, sai ya buɗe baki ya nuna maka giɓin haƙoransa biyu, ya ce shi ke nan. Da hantsi za ka same shi a rumfarsa da ke filin bayan masallaci. A nan motocin ƙauye ke sauke goro, mata na ɓara suna wankewa, maza na tsince mai sankara suna jera lafiyayye cikin ganye, a ɗaure huhu a kai tashar Ojoo, sai Arewa. Rabin tukwanen unguwar daga filin nan suke samun abin ɗorawa, kuma Gali yana sonsa kamar ɗakin uwarsa.

Wata Talata aka wayi gari da turakun ƙarfe huɗu a kusurwoyin filin, kowanne da tambarin koren kunkuru. Kafin azahar labari ya gama unguwa: wani kamfani ne ke son gina gidan mai a wurin, sa hannun shugaban ƙaramar hukuma kawai yake jira. Zaɓen shugaban kuwa saura mako uku.

Gali bai tayar da hankalinsa ba, don a makon ne ɗan takara Akanmu ya shigo Sabo da ayarin motoci da makaɗa, ya durƙusa har ƙasa ya gai da dattawa, ya dafa ƙirji ya ce maganar fili a bar masa. Ɗanmalam, ɗan ƙanwar Gali, magidanci mai 'ya'ya uku da surutu ya fi ƙarfinsa, shi ne jagoran Akanmu a unguwar. Shi ya bi gida gida yana raba buhunan shinkafa masu hoton Akanmu yana murmushi. Abokiyar takararsa, wata tsohuwar malamar makaranta, keke mai ƙafa uku ɗaya gare ta da lasifika mai shaƙewa, ko yara ba sa bin ta.

Aka ci shinkafa, aka yi hamdala. Shinkafa ce mai kyau, wannan kam ba a yi wa Akanmu ƙarya.

To, a Sabo ba a zubar da buhu. Wankewa ake yi a shanya, a naɗe huhun goro da shi kada rana ta taɓa. Kande, matar Gali, ta aika aka tattaro buhunan maƙwabta ta jiƙa a baho. Da ta zo cuɗawa sai fuskar Akanmu ta saluɓe ta biyo hannunta, ashe manna ta aka yi. A ƙarƙashi ga koren kunkuru ya miƙa wuya.

Ta ɗauki buhun yana ɗiga, ta tarar da mijinta a zaure.

"Alhaji, ban yi boko ba, amma na san dabbar nan."

Gali ya duba, ya sake dubawa. Ransa ya ɓaci ƙwarai, kuma ya ji kunya, shi da ke gane sankara tun goro na cikin ɓawo.

"Sai a gaya wa mutane," in ji shi.

"A gaya musu me? Mun riga mun cinye. Matan unguwar nan ba za su ci abincin mutum su dangwala wa wani ba. Ni kaina nauyi nake ji."

Ya murza gemu ya ce, "Ke Kande, ku a biki yaya kuke yi in an kawo muku abin da ya yi muku nauyi?"

"Mayarwa muke yi, har da ƙari. Ta kawo turmin atamfa ɗaya, in nata ya tashi ki kai biyu. Daga nan in kun haɗu a hanya ba mai sunkuyar da kai."

"To Akanmu ma bikinsa ya tashi."

Bayan sallar Juma'a ya baza buhun a gaban dattawa, ya faɗi shawararsa. Aka yi gunaguni, don goro ba arha yake ba a lokacin. Ɗanmalam ya fi kowa tsalle.

"Haba Kawu! Kyauta ce fa, ba bashi ba. Kowa ma kamfani ke ɗaukar nauyinsa."

"Shi ya sa kowa ke rasa fili," in ji Gali. "Zauna."

Kwana biyu ana tsince goro. Kowane gida da ya ci shinkafa ya kawo abin da ya sawwaƙa, wani ƙwarya guda, wani cikin tafi. Gali ya zuba nasa fari tas, irin wanda yake ɓoye wa manyan baƙi. Kande ta tsaya a kai sai da aka naɗe kowane huhu da buhun Akanmu, kunkuru a waje.

Ranar Litinin keke bakwai suka tsaya a ƙofar ofishin Akanmu a unguwar Mokola, wuri cike da magoya baya. Bayarabe kuwa ba ya mayar da goron dattijo a gaban jama'a, Gali ya san da haka sarai. Akanmu ya fito da fara'a, hannu biyu.

"E kabo, sannu da zuwa, Baba! Duk wannan nawa ne?"

"Naka ne, ɗana. Ka ciyar da mu, mun gode, ga namu. Sai dai tambaya ɗaya. Mu a sana'armu baƙo ba ya ɗaukar kaya sai mun san maigidan da ya tsaya masa. Kai wane ne maigidanka?"

Akanmu ya yi dariya. "Jama'a mana, Baba."

Gali ya sa sandarsa ya juya huhun da ke gabansa, kunkuru ya fuskanci mai shi. Murmushin Akanmu bai gushe ba, amma ya koma irin na hoton da aka manna. Ya karɓi goro, ya yi godiya, bai ƙara ambaton fili ba.

Ranar zaɓe Kande ta ci ado kamar za ta suna. Ba wanda ya gaya wa matan Sabo inda za su dangwala, su ma ba su gaya wa kowa ba, amma an ga suna tafe suna hira da dariya, kai a sama. Da aka ƙirga, malamar makaranta ta tsallake da ƙyar, da tazarar da ba ta fi akwatunan Sabo ba. Ɗanmalam ya yi kwana uku ba ya gai da kawunsa, a na huɗu ya zo cin tuwo.

Bayan wata biyu, da sa hannu bai samu ba, ma'aikatan kamfani suka zo cire turakunsu. Sun cire uku, sun zo kan na huɗu suka tarar Gali ya ɗaure igiyar rumfarsa a jiki, yana zaune yana tsintar goro.

"Baba, za mu cire."

"Ku bar min wannan," in ji shi, ya miƙa musu goro biyu farare. "Ƙarfenku yana da kyau. Tun da na ɗaura, iska ba ta ƙara ɗage min rumfa ba."

Suka dubi juna, suka karɓa, suka tafi. Turken yana nan har yau, ruwan wankin goro ya cinye kunkurun.