Askin Baba Direba

"Ka daina motsi, ko in tafi da kunnenka," in ji Mai Aski, yana riƙe da haɓar Baba Direba.

Sati uku ke nan tsohon bai sauko daga gado ba. Likita ya faɗa wa matarsa gaskiya a bakin ƙofa, shi ma ya ji, don ciwon bai taɓa masa kunne ba. Shi ya sa Mai Aski, maƙwabcinsa na shekara talatin, ya rufe shago da hantsi ya shigo da reza da sabulu. Gemun bai dami Mai Aski ba. Tsoron da ya gani a idon abokinsa ne ya tsaya masa a rai, mutumin da ko a gidan makoki sai ya sa an yi dariya.

"Jiya na bi Dokoki Goma ɗaya bayan ɗaya," in ji Baba Direba. "Kisa kaɗai na tsallake. Shi ma in aka haɗa da abin da na yi wa fasinjoji a zuciyata, ban tsira ba. Da wace fuska zan tsaya gaban Allah?"

Mai Aski ba gwanin wa'azi ba ne, a coci ma bencin baya yake zama yana gyangyaɗi. Kuma a ƙa'idarsa ba ya nuna wa kowa madubi sai ya gama. Ranar dai ya karya ƙa'idar. Ya ɗaga madubin, rabin fuska tas, rabi gemu da kumfa.

"Me ka gani?"

"Tsohon bunsuru."

"To, ce wa madubin ya ƙarasa maka."

"Kai dai ba ka da hankali."

"Shekara arba'in ina aski, ban taɓa ganin madubi ya cire gashi ko ɗaya ba. Nasa ya nuna maka, ka taso ka zo wurina. Doka ta gama nata aikin, ta nuna maka. Saura ka sakar wa Yesu wuyanka yadda kake sakar mini."

Tsohon ya ce, "Kai ai ka sha yanka ni."

"Shi hannunsa ba ya rawa."

Baba Direba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, matarsa ta leƙo da ludayi a hannu tana yi musu faɗa. Da ya lafa sai ya kwantar da kai a kan matashi, ya rufe ido, ya miƙa wuya. Har aka gama bai ƙara motsi ba.

Washegari da azahar ya cika, matarsa na yi masa fifita. Aka kira Mai Aski ya gyara shi kafin 'ya'ya su iso. Ya shafa kumatun, babu abin askewa. Sai ɗan kumfa da ya bushe a bayan kunnen hagu. Ya jiƙa babban yatsansa ya goge shi a hankali.