Takardar Motar Baba

Shekara tara motar Baba tana tsakar gidanmu ba ta motsa ba. Tayoyin sun nitse a ƙasa, kaji na ƙwai a kujerar baya. Kullum Umma sai ta ce a sayar, shi kuma ya ce gyara kaɗan ya rage.

Da aka yi masa aiki a gwiwa, yana farfaɗowa daga allurar barci Umma ta miƙa masa biro da takarda, wai ya amince a sayar da motar. Ya sa hannu yana murmushi, har yana kiran nas ɗin da sunan ƙanwarsa.

Bayan sati uku mai sayen tsofaffin ƙarafa ya iso da babbar mota. Baba ya dogara sandarsa ya je ya jingina da motar, ya ce sai dai a ɗauke su tare. Ni ce lauyar gidan, don haka Umma ta kira ni daga ofis.

Na karanta takardar, na tambayi ranar da aka sa hannu.

"Umma, wannan yarjejeniyar ɓatacciya ce."

"Ɓatacciya? Ga ta a hannunki! A cikin jakata take kwana, yaushe ta ɓata?"

"Ba irin ɓatan maɓalli ba. A shari'a, in an ce yarjejeniya ɓatacciya ce, ana nufin kamar ba a yi ta ba, kotu ba za ta tilasta kowa ya cika ta ba. Baba ba ya cikin hayyacinsa lokacin da ya sa hannu."

"To da yana cikin hayyacinsa zai sa ne?"

Mai ƙarafa ya juya baya yana dariya.

"Kin ji ko?" in ji Baba. "Karatun yarinyar nan bai tashi a banza ba."

Don ya nuna mana motar da sauranta, ya kama ƙofar direba ya ja da ƙarfi. Ƙofar ta biyo shi ɗungurungum, wata kaza ta yi tsalle ta fito tana kuka. Ya daɗe yana kallon ƙofar a ƙasa, sannan kafaɗunsa suka fara rawa, dariya ta ƙwace masa.

"Malam, ɗauke motar," ya ce da mai ƙarafa. "Amma ka ciro min kujerar direba."

Na rubuta sabuwar takarda a bayan motar. Kafin ya sa hannu, Umma ta sa na tambaye shi ranar mako da sunayenmu duka, ya faɗa daidai.

Kujerar tana baranda yanzu. A kanta yake shan shayin safe, kuma ba ya barin kowa ya zauna.