Ƙararrawar Gidan Baba Mai Wuta

Ina kan tsani, murfin ƙararrawar a hannuna, noti biyu a bakina, Baba Mai Wuta ya ɗago kai daga kujerarsa ya ce, "Injiniya, in kika haɗiye notin nan kada ki ce ni na ba ki."

Na zare su daga bakina na ce, "Baba, ka bar ni in yi aikina."

"Yi abinki. Maza biyu sun zo da mota da riga iri ɗaya, sun koma. Ke da jakar nan taki kamar ta unguwarzoma, bari mu gani."

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasa. Shekara arba'in ya yi yana gyaran wuta kafin hannunsa ya fara rawa, ƙafafunsa suka kumbura, likita ya ce zuciya ce. Shi ya fara damƙa mini abin kwance noti ina 'yar shekara tara. Da na tafi kwalejin fasaha matan layinmu suna ta cewa me ya haɗa mace da tsani, shi kaɗai ya ce a bar ni, in na faɗo ƙasa ce za ta tare ni kamar kowa.

Ɗansa ɗaya ne, muna ce masa Yaya. Yana aiki a wani birni mai nisa. Bara ya zo ya yi kwana huɗu, ya sa aka kafa wani farin akwati a falo wanda ke sarrafa fitilu da makullin ƙofa da kyamarar da ke saman ƙofa. Ƙararrawa kuwa tsohuwa ce, Baba da hannunsa ya ja wayarta tun kafin a haife ni, ya ce ba mai cire ta yana numfashi. Sai aka maƙala mata wata 'yar na'ura, duk sa'ad da ta kaɗa ta sanar da farin akwatin, shi kuma ya aika wa Yaya saƙo a salularsa da hoton bakin ƙofa.

Wata biyu ke nan ƙararrawar tana kaɗawa kullum wajen ƙarfe huɗu na yamma, hoton kuma ba kowa a ciki. Mutanen kamfani sun canza madannin da ke waje. Sun dawo sun canza taransifoma. Ba ta daina ba. Shi ne Yaya ya kira ni.

"Ke, an ce kina ɗan taɓa irin wannan aikin?"

"Ba taɓawa nake ba, Yaya. Aikina ne."

"To ranki ya daɗe. Duba mana ita, ta ishe ni."

Ranar farko na auna wutar da ke fitowa daga taransifoma, daidai take, ba ta hawa ba ta sauka. Na duba cikin ƙararrawar, ba tsatsa ba ƙwaro. Na fita waje na kwance madannin gaba ɗaya, na raba wayoyin biyu na naɗe bakin kowace da salatif. Na ce wa Baba, "Yanzu ko sarkin ƙarfi ne ya zo ba abin da zai danna. In ta kaɗa gobe, ciwon yana cikin gida."

Ya ce, "Makaranta ta yi rana."

Washegari ina ɗakinmu ina cire takalmi, ƙarfe huɗu da 'yan mintuna, na ji ta ta cikin katanga. Din-don. Har na yi murmushi. Na san yanzu wayoyin biyu suna haɗuwa a wani wuri tsakanin ƙofa da falo.

Rana ta uku na baro wurin aiki da wuri. Na bi wayar da yatsa tun daga ƙofa, ta saman bango, ta gangaro gefen taga, ta shige bayan labule. Ina neman inda ɓera ya ci ko inda ƙusa ta huda. Ban samu ba. Sai da na ce, "Baba, ɗan matsa," na ja kujerarsa gaba, na ga wani ɗan akwatin haɗin waya a jikin bango, daidai tsayin gwiwa. Duk bayan kujerar ƙura ce, ban da murfin nan. Noti ɗaya ne ke riƙe da shi, shi ma a sake. Na juya murfin gefe da yatsa. Kan notunan da ke ɗaure da wayoyin biyu sun goge sun yi fari, duk ƙarce-ƙarce.

A kan ɗan teburin da ke gefensa akwai kofin shayi da ƙaramin cokali. Na ɗauki cokalin. Bakin mariƙinsa ya ɗan lanƙwashe, da ɗigo-ɗigon baƙi ƙanana a jiki.

Na tsuguna a nan da cokalin a hannu.

Baba ya ce, "Ƙarfe nawa?"

"Huɗu saura biyu."

"Ba ni cokalina."

Na ba shi. Ya sa na mayar da kujerar inda take. Ya jira, yana kallon agogon bango. Sannan ya sauke hannu ta gefe, ko dubawa bai yi ba, hannun nan mai rawa ya tafi kai tsaye, ya haɗa notunan biyu da mariƙin cokalin. Din-don.

Ba a yi minti ɗaya ba salularsa ta fara ƙara. Ya bar ta ta yi sau uku, sannan ya ɗauka yana ɓata murya.

"Na'am. Ni ma na ji ta. Ba kowa, shirmen na'urarka ne." Ya saurara. "Ka taso daga ofis? Hanya da cunkoso? Tarin ƙaramar 'yarka ya lafa? A daina ba ta ruwan sanyi, na faɗa muku."

Minti shida suka yi. Da ya ajiye, fuskarsa ta saki kamar wanda ya sha magani.

Na ce, "Haba Baba. Ka kira shi mana kawai."

"In ce masa me? In na kira, ko dai hankalinsa ya tashi ya ce me ya faru, ko ya ce yana zuwa, zai kira anjima. Anjimar nan na san ta. Amma in ƙofa ce, ba ya cewa anjima." Ya goge cokalin da gefen rigarsa. "Ƙarfe huɗu yana cikin mota shi kaɗai. Ba na hana shi aikin kowa."

"Ni me zan ce masa? Ni ya sa aikin."

"Ki ce kin kasa."

Na miƙe tsaye. "Ni?"

"Ke. Ki yi mini alkawari, 'yata."

Bai taɓa ce mini 'yata ba. Injiniya yake cewa, ko Sarkin Taurin Kai. Na yi masa alkawari.

Da yamma na kira Yaya na ce ban gano ba. Ya yi dariya, ba ta mugunta ba, irin wadda ta fi ta mugunta ciwo. Ya ce, "Ba komai, ƙanwata, kin yi ƙoƙari. Manya ma sun kasa." Kwana biyu labarin ya isa wurin aikinmu, don mutanen kamfanin nan suna sayen kaya a wurinmu. Ina shiga sai wani ya ce din-don da baki, sauran su kwashe da dariya. Na haɗiye. Na ɗauki jakata na wuce ta tsakiyarsu kaina a sama. Na san abin da na sani, wannan ya ishe ni.

Abin da ban lissafa ba shi ne abin da Yaya zai yi da maganata.

Ranar Litinin ƙararrawa ta kaɗa, ina tsakar gidanmu ina shanya. Na kasa kunne in ji ƙarar salula. Shiru. Na leƙa, Baba ya ce, "Wataƙila taro ya riƙe shi." Talata ma haka. Laraba na kira Yaya.

Ya ce, "Ai na kashe sanarwar. Tunda ke ma kin kasa, me zan yi da ita? Kullum gabana yana faɗuwa a banza."

"Ka kunna, Yaya."

"Don me?"

Maganar ta zo har bakina. Na mayar da ita na ce, "Na sake dubawa, na gyara."

"Jiya ma na ga ta shigo a jerin. Bari dai, ƙarshen wata ina nan zuwa, in sa a cire tsohuwar gaba ɗaya. Baba lafiya ko?"

"Ka riƙa kiransa."

"Ina kiransa duk Lahadi, ke ma kin sani."

Gaskiya ne, yana kira ranar Lahadi, da matarsa da yara duk a kan layi, kowa ya gaida Kaka a ajiye.

Na je na durƙusa gaban Baba na ce ya sake ni daga alkawarin. Ya girgiza kai. "In kika faɗa, zai kira ni kullum don tausayi. Ni ba na cin wannan."

"To ka daina taɓa ta. Ba ya ji."

"Wa ya sani? Na'ura ce. Wata rana sai ta kunna kanta."

Shi da ya yi shekara arba'in yana faɗa wa mutane wuta ba ta yin abu da kanta.

Daga nan na riƙa dawowa gida kafin huɗu. In ji din-don ta cikin katanga, in ƙirga minti biyar, sannan in shiga da wani dalili: Umma ta ce a kawo maka wannan, ko ina neman aron filaya. Yakan ce, "Ba ke na kira ba." In ce, "Ni dai na ji ƙararrawa." Sai in zauna a hannun kujera ya ba ni labarin gidajen da ya ja wa waya, wanne ne mai shi ya yi gardama, wanne ne har yau fitilarsa ba ta taɓa mutuwa ba. Salular tana kan cinyarsa, fuskarta sama. Numfashinsa yana ƙara gajarta, yakan tsaya a tsakiyar magana ya nemo shi.

Rana ta goma sha ɗaya, Alhamis, huɗu ta yi, ta wuce da kwata, ƙararrawa ba ta kaɗa ba. Ina tsaye a tsakar gida da bokiti a hannu. Umma ta fito daga ɗaki ta dube ni, na dube ta. Ita ma ta saba da jin ta, ko da ba ta san komai ba. Muka fita tare.

Baba yana kan kujera, kansa ya karkata, hannunsa na dama yana lilo ta gefe. Yana numfashi da ƙyar. Muka samo mota. A hanya na kira Yaya, bugu ɗaya ya ɗauka.

A asibiti Baba ya buɗe ido sau ɗaya da safe, ya gan ni, ya ce, "Kin mayar da madannin waje? Kada baƙo ya zo ya tsaya." Na ce na mayar. Kafin azahar ya cika. Yaya ya iso mutane suna dawowa daga maƙabarta.

Kwana uku bayan nan, da masu gaisuwa suka ragu, ya aiko a kira ni. Yana tsaye a falo, idonsa ja, yana kallon ƙararrawar a bango.

"Ki cire ta. Ba na son in sake jin ta."

Na ce, "Zan cire. Amma sai ka ga inda ciwon yake. Ban kasa ba, Yaya. Ban taɓa kasawa ba."

Har yau ban sani ba ko don Baba na faɗa ko don kaina. Na ja kujerar gaba, na juya murfin ɗan akwatin, na nuna masa ƙarce-ƙarcen. Na mayar da kujerar inda take, na ce ya zauna ya sauke hannunsa na dama. Ya zauna. Yatsunsa suka sauka daidai kan notunan.

Sannan ya ce, a hankali, "Ƙarfe huɗu."

Na ce, "Baba ya ce lokacin kana mota kai kaɗai."

Bai tambaye ni don me ban faɗa ba, ni ma ban ba shi haƙuri ba. Ya zaro salularsa, ya shiga inda ya kashe sanarwar. Suna nan a jere, ba wadda aka buɗe, guda goma. Ya buɗe ta farko. Bakin ƙofa ne, dakalin siminti, inuwar katangarmu ta raba shi biyu. Ya buɗe ta biyu, haka. A ta shida wata kyanwa ce kwance a kan dakalin.

Na tattara kayana cikin jaka ban cire komai ba. Da na kai ƙofar falo na waiwaya. Ya sunkuya a kujerar, ya sa yatsu biyu yana faɗaɗa hoton, yana duba kowane lungu na bakin ƙofar, sannan ya wuce na gaba.