Biyar a Rana

Da Auta ta samu aiki a wani gari mai nisa, mahaifinta Malam ya ce ba da yawunsa ba, ko tasha bai raka ta ba. Bayan mako guda ta aiko wa mahaifiyarta sabuwar lambar wayarta. Uwar ta kwafe ta a bayan kwalin magani, ta ajiye masa a kan tebur.

Shekara talatin Malam ya yi yana koyar da lissafi, kuma cikin 'ya'yansa Auta kaɗai ta gado shi. Tun tana firamare suke da wani wasa: duk lambar da suka gani, ta mota ko ta ƙofar gida, sai sun nemo abin da zai raba ta ba saura. Wadda ta ƙi rabuwa sai da ɗaya da kanta, Auta kan kira ta mai taurin kai, tana satar kallon ubanta.

To, da ya ga kwalin, maimakon waya sai ya ɗauki biro. Wai zai kira, amma sai ya gano ko lambar tana rabuwa tukuna. Biyu ba ta shiga ba, uku ma haka, bakwai ta bar saura. Kalkuleta kuwa a wurinsa kayan ragwaye ce. Kullum bayan karin kumallo sai ya gwada masu taurin kai biyar, bi da bi, yadda ya saba tun yana aiki. Matarsa ta ce da wannan wahalar ai gara ya taka da ƙafa.

Gaskiyar magana, kewar yarinyar ce ke cinsa. Kujerarta na nan gefen tebur, da tabon tawadar da ta zubar tana ƙarama. Wani lokaci yakan tura takardar wajen kujerar, a duba masa, sannan ya tuna. Littafi uku ya cika. Zazzaɓi ya kwantar da shi kwana biyu, yana miƙewa ya koma.

Ana cikin wata na huɗu, wata safiya, ya gwada dubu huɗu da ɗaya. Ta shige tsaf, ba saura. Ya sake, haka ɗin dai. Har ya buɗe baki zai ƙwala wa Auta kira kamar da, sai ya ga ba kowa, ga shi kuma uzurinsa ya ƙare. Ya ɗauki wayar. Bai ko dubi kwalin ba, lambar ta daɗe da zama a kansa.

Bugu ɗaya ta ɗauka.

"Baba, ka iso dubu huɗu da ɗaya ke nan?"

Ya dubi takardar da ke gabansa.

"Na san biyar kake yi a rana," in ji ta. "Shekaranjiya ya kamata ka kira. Ba ka da lafiya ne?"