Tsinin Hancin Roka

Injiniya ta ƙara ɗaga hancin samfurin sama, ta ce a saki hayaƙi. Fankar bututun gwaji ta ɗauki ruri, iska ta taso ta bugi siririyar rokar ƙarfen da ke kafe a bayan gilashi. Da farko lafiya lau: hayaƙin ya rabu a kan tsini, ya naɗe ya zama 'yan guguwa biyu a gadon bayan rokar, dama da hagu, kansu ɗaya kamar tagwaye. Da ta ƙara ɗagawa, sai ta dama ta lafe a jikin ƙarfe, ta hagu ta yi sama abinta. Allurar ma'auni ta karkata gefe guda. Da a sararin sama ne, da tuni rokar ta saki hanya.

"Kin gani ko?" in ji Shugaban sashe. "Hanci na nawa ke nan? Duk a karkace. Hannun tsohon nan ya gaji."

Tsohon yana tsaye a bakin ƙofa, yana jin komai. Baba Maƙeri ne, wanda ya ƙera duk wani samfuri da ke ginin, har da wanda Injiniya ta yi gwajinta na farko da shi tana ɗaliba. Shugaba ya riga ya yanke shawarar rufe ɗakin ƙira, a riƙa sayo samfura daga wani kamfani na waje. Har ya zo da hancin da suka aiko na gwaji, yana rungume da akwatin kamar an ba shi riƙon jariri.

"Yallaɓai, a ba ni hancin nan in ɗaura," in ji Injiniya.

"Yanzu?"

"Yanzu, a gaban kowa. In ya tafi daidai, da hannuna zan taya ka kulle ɗakin Baba."

Ba ta taɓa gwada wannan hancin ba, amma ta daɗe tana zaman kallon hayaƙi har ta san halinsa, kuma ita ba mai yin magana ta janye ba ce. Sai ta haɗa ido da Baba, ta ga yadda ya ɓoye hannuwansa a baya kamar mai laifi. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai.

Ta ɗaura sabon hanci, fanka ta tashi, ta fara ɗagawa a hankali. 'Yan guguwar biyu suka jeru gwanin sha'awa, Shugaba har ya fara gyara tsayuwa. Ana kaiwa inda aka saba, ta dama ta yi sama, allura ta faɗa ɗaya gefen.

"Ke kika ɗaura shi a karkace," in ji Shugaba.

Ba ta yi musu ba. Ta kashe fanka, ta buɗe gilashi, ta ɗan murza hancin a mazauninsa, ta sake kunnawa. Yanzu kuma ta hagu ce ta tashi. Ta sake kashewa, ta tsinci ƙwayar yashi a ƙasan takalminta, ta manna ta da gam a gefen tsinin, ta kunna. Guguwar ta sake sauya gefe, ko gardama babu.

"Yallaɓai, in siririn jiki ya ɗaga kai haka, iska dalili kawai take nema," ta ce. "Ƙurar da ido ba ya gani ta ishe ta zaɓi gefe. Babu hannu, babu inji, da zai ƙera tsinin da za ta rasa abin kamawa. Iya tsininsa, iya fitinarsa."

Shugaba ya dubi akwatin da babu komai a ciki. "To, maganin fa?"

"A dakushe shi. A goge kaɗan, a gwada, a sake gogewa, har 'yan guguwar nan su daidaita. Kamfanin waje ba zai riƙa zuwa mana kullum da magagari ba. Sai wanda ke zaune a gida."

Ya rufe akwatin, ya yi gyaran murya, ya ce maganar kulle ɗakin ƙira a bar ta tukuna, ya fita ba tare da ya dubi Baba da ke bakin ƙofa ba.

Ta bi Baba ɗakinsa tana jin kanta a sama. Ta same shi zaune da hancin da aka cire daga rokar ɗazu, ƙirarsa ta ƙarshe, wanda ya yi makonni yana gogewa har mutum na ganin fuskarsa a jiki.

"Ashe ba hannuna ba ne," ya ce.

"Ba hannunka ba ne, Baba. Kyau ne ya yi masa yawa."

"Shi ne yanzu zan ɓata shi da kaina."

Murnarta ta ɗan sanyaya. Ta ce in yana so sai a ƙera wani, a bar wannan a ajiye. Ya girgiza kai, ya ce wannan ne aka san halinsa, da shi za a fara. Ya ɗaure shi a ƙarfen matse aiki, ya zaɓi magagari mafi laushi, ya kai shi daf da tsinin ya tsaya. Hannun ko rawa bai yi ba.

"'Yata," ya ce, "ɗan juya baya."

Ta juya ta fuskanci bango. Can sai ta ji ƙarar magagari a kan ƙarfe.